Ranar Da Maigadi Ya Hana Mahaifiyata Shiga Gidan Da Na Saya Mata

Assalamu alaikum Edita, tare da duk mai karanta wannan shafi. Ni mutumin wani ƙauye ne a yankin Gwangwan ta ƙasar Rogo, amma a shekarun da zan ba ku labari ina zaune ne a cikin garin Karaye, ni da matata da 'ya'yanmu uku, a gidan haya mai rijiya a tsakar gida. Fataucin kayan gona ne sana'ata. Da zarar kaka ta yi sai in shiga bin kasuwannin ƙauyukan Karaye da Rogo ina tara riɗi da waken suya da gyaɗa, in cika mota in kai kasuwar Dawanau da ke Kano. Da awon tiya na fara a gindin wani ubangidana, Allah ya jiƙansa, har Allah ya ɗaga ni na samu rumfar kaina da 'yar motar hawa. Ni mutum ne mai zumuɗi, ban iya son abu kaɗan-kaɗan ba. In abu ya shiga raina ba na jin kira sai na same shi, kuma wannan hali nawa shi ne tushen duk abin da ya faru.

Abu biyu ne suka daɗe suna ci min tuwo a ƙwarya. Na farko hanya. Kusan kullum ina tsakanin Karaye da Kano, in fita da duku-duku in dawo jiki duk ya mutu. Wani lokaci ciniki zai faɗo a kasuwa a kira ni a waya, kafin in iso wani ya ɗauke. Na biyu kuma mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Mahaifinmu ya rasu tun ina saurayi, ita ta riƙe mu da ƙuli-ƙuli da kiwon awaki har muka zama mutane. Ƙannena mata duk sun yi aure, ita kuma tana nan a ƙauye a ɗakinta na ƙasa, wanda duk shekara sai an yi masa yaɓe kafin damina. Duk sanda na je gaishe ta na tarar tana hura wuta, hayaƙi ya cika mata ido, sai in ji kamar in ɗauke ta a ka in gudu da ita birni. Na sha yi wa kaina alkawari cewa in Allah ya hore min, sai Inna ta huta hutun da ba ta taɓa mafarkinsa ba.

Wata ranar Asabar bayan mun sauke kaya, wani abokin cinikina ya ce in raka shi ya duba gidan da ya kama a wani sabon rukunin gidaje da wani kamfani ke ginawa a bayan garin Kano, ba nisa da kasuwa. Na bi shi ne kawai don kada ya ga na ƙi. Wallahi Edita, muna shiga ƙofar nan na saki baki ina kallo. Benaye ne a jere reras, kowanne manne da ɗan'uwansa, bango ɗaya ya raba su. Fenti iri ɗaya, ƙofa iri ɗaya, taga iri ɗaya, kamar daga injin buga bulo aka zubo su. Kwalta har bakin kowace ƙofa, fitilun sola a tsaye layi-layi, ga masallaci a tsakiya, ga filin wasan yara har da lilo, ga ƙaton tankin ruwa can sama. An zagaye wurin duka da katanga, ƙofar shiga ɗaya ce tak, da masu gadi cikin kaki. Aka buɗe mana gidan da suka kammala don nuna wa masu saye. Ni da girmana, da furfurar da ta fara leƙo min a gemu, sai ga ni ina hawa bene da gudu ina saukowa, ina murɗa famfo ina kashewa, ina buɗe durowar kicin ina rufewa. Da na tura wata ƙofa a ƙasa na ga ɗaki da banɗakinsa a ciki, ban san sanda na ɗaga murya na ce ga ɗakin Inna ba. Abokina ya yi ta dariya, ya ce ko farashi ban tambaya ba na riga na raba ɗakuna.

Kada mai karatu ya zaci labarin damfara zan bayar. A'a. Na sa lauya ya duba komai, na tambayi waɗanda suka riga ni saye, magana ta fita fes. Kashi-kashi aka yi biyan, kuma Allah ya dafa min, riɗi ya yi daraja a shekarar. Watannin da aka yi ana ƙarasa nawa gidan, ban taɓa jin daɗin duniya irin nasu ba. Duk ranar da na shigo Kano sai na ratse na je na tsaya ina kallon magina kamar mai kallon ƙwallo. Ranar da aka ɗora rufi na saya wa leburori tsire. Ranar da aka shimfiɗa tayil na cire takalmi na taka da tafin ƙafata don in ji sanyinsa. Wayata ta cika da hotuna, babu wanda ban nuna wa ba a Karaye, tun daga mai shayin bakin tasha har liman. A majalisarmu suka laƙaba min Mai Bene, ni kuwa ina amsawa baki har kunne. Ranar da aka damƙa min makulli ko sallamar mutanen rumfa ban tsaya yi ba, na kama hanyar gida ina tuƙi ina murmushi ni kaɗai kamar sabon ango. Matata na ganin makullin ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka shigo da gudu suna tambayar wa ta haihu.

Washegari na wuce ƙauye. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsinkar zogale, matan maƙwabta na zaune wurinta ana hira. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye makullin a gabanta na ce ga gidanta. Ta ɗauka ta jujjuya shi, ta yi ta sa albarka har idonta ya kawo ruwa. Amma da na ce ta fara haɗa kaya, da ita za mu tare, sai ta koma kan tsinkar zogalenta. Can ta tambaye ni ko akwai inda za ta ɗaure awakinta. Na ce Inna wane irin awaki kuma, ai dokar wurin ko kaza ba a kiwo. Ta ce to murhu fa? Na ce gas ne, murɗawa kawai ake yi. Ta ce su wane ne maƙwabtan? Na ce manyan mutane ne, 'yan kasuwa da ma'aikatan banki. Ta ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni dai na ɗauka ta amince. Ƙaninta, wato kawuna, ya ja ni gefe bayan la'asar ya ce in bi a hankali, in bar ta ta riƙa zuwa tana kwana biyu tana dawowa, domin tsoho da mazauninsa kamar kifi ne da ruwa. Na ce masa Kawu, wahalar da ta sha ta isa haka. Da hannuna na raba awakinta ga maƙwabta su riƙe mata, na danna wa ɗakinta kwaɗo.

Ranar tarewa sai wanda ya gani. Motar kaya a gaba mu a baya, Inna a kujerar baya tsakanin jikokinta, gilas a rufe, sanyi na busawa. Muna isa ƙofa masu gadi suka gane motata, suka ɗaga ƙarfe suka sara min, na wuce ko tsayawa ban yi ba. Aka yi walima, 'yan'uwa suka cika bas daga Karaye da Rogo, malamai suka yi addu'a, aka ci aka sha, kowa yana hawa bene yana leƙowa ta taga yana kiran na ƙasa. Na kama hannun Inna na kai ta ɗakinta, na nuna mata katifa da fanka da yadda ake murɗo ruwan zafi. Ta taɓa ruwan ta janye hannu da sauri tana salati, muka yi ta dariya har da ita. Ta ce lallai in da rai ka sha kallo. Washegari da safe kuwa, kafin ɗumin shayin da na sha ya bar cikina ina zaune a rumfata a kasuwa. Na dubi agogo na sake duba, na ce wa kaina yau ni da wahalar hanya mun raba gari.

Ni dai a wurina komai ya tafi daidai. Ciniki ya ƙaru, tunda yanzu ko yaushe aka neme ni ina kusa. Yara suka shiga makaranta mai kyau, da yamma su hau keke a titin cikin unguwa ba fargabar manyan motoci. Matata ta yi fes, har wani sabon murmushi ta koyo. Abin da ban gani ba shi ne Inna tana ƙanƙancewa a hankali. Bene ba ta hawa saboda gwiwa, don haka duniyarta ta zama ɗakinta da falo da 'yar farfajiyar baya da ba ta wuce shimfiɗar tabarma ba. Da ta ce bari ta zaga ta gaida maƙwabta kamar yadda baƙo ke yi, sai ta tarar da kowace ƙofa a kulle, masu gidan sun fice a mota tun da safe, kuma ba sallama ake yi ba, ƙararrawa ake dannawa. Wata safiya ta fito da ƙaramin turminta da ta ɓoyo cikin kaya ta fara dakan yaji. Ba a jima ba maƙwabcinmu na jikin bango ya aiko cikin ladabi cewa dakan yana girgiza musu ɗaki, jaririnsu ya kasa barci. Matata ta nuna mata injin niƙa na kicin. Inna ta kife turmin a lungu ba ta sake taɓa shi ba. Kullum in na dawo sai in leƙa in ce Inna ya daɗin gida? Ta ce sai godiya. Ni kuma in haye sama ina jin duk duniya babu ɗan da ya kai ni.

Abin da ya faru a wata ranar Talata, daga baya ne na haɗa shi daga bakin mutane daban-daban. A bayan katangarmu akwai wani tsohon ƙauye da birni ya cim masa. Da hantsi Inna na zaune a farfajiyar baya ta jiyo luguden taɓare da guɗa daga can. Yara suna makaranta, matata tana sama tana guga, ni ina kasuwa. Ta ce da ta ji sautin nan sai ta ji kamar ita ake kira. Ta yafa mayafi, ta ƙulle 'yan canjinta a bakin zani, ta bar wayarta a kan gado, ta fita. Mai fita ba a tambayarsa, don haka ba wanda ya tare ta. Ta bi jikin katanga har ta iske gidan, ashe suna ake yi. Ta yi sallama ta yi barka, matan suka karɓe ta hannu bibbiyu kamar sun shekara da saninta. Ta karɓi muciya ta tuƙa musu tuwo, ta ɗauki jaririyar ta yi mata addu'a, ta ci ta sha, ta yi irin dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Da aka kira azahar ta yi salla a can, suka ƙulla mata abincin suna a leda, sannan ta kamo hanyar gida.

Kafin ta dawo an canza masu gadi. Wanda ta tarar sabon ɗauka ne, kuma ba a daɗe ba da kwamitin unguwa ya tsaurara doka cewa duk mai shigowa a ƙafa sai ya faɗi lambar gida ko sunan mai gidan, a kira shi a waya ya amince. Maigadin ya gaishe ta ya tambaye ta gidan wa za ta. Ta ce gidan yaron nan. Ya ce wane yaro? Ta ce yaron nan mai riɗi, na ƙasar Rogo. Ya ce Iya, ai mutanen nan yawancinsu 'yan kasuwar hatsi ne, lamba nawa? Lamba kuwa ba ta sani ba, ban taɓa gaya mata ba. Ya ce to ta nuna masa gidan daga nan. Ta leƙa ta ga layi bayan layi duk kamarsu ɗaya, ta kasa. Ta faɗi sunan matata, ta faɗi na jikokinta, bai san ko ɗaya ba, shi sunayen masu gida kawai aka koya masa. Ya ce abu ne mai sauƙi, ta faɗi sunan ɗan nata kawai ya kira shi.

To a nan gizo ke saƙa. Ni ɗan fari ne, kuma sunan kakana na wajen uba aka mayar min, wato surukinta. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa furta sunana ba. Kai, da yaron nan, da wancan, da su na girma. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san wannan kunya, ya kuma san ba abar wasa ba ce. Ta tsaya a rana tana kallon maigadi, shi kuma yana ta cewa sunan kawai, Iya, sunan kawai. Ta ce masa, "Ni da bakina? Ɗan nan, kai ba ka da uwa ne?" Ya ga ta kasa faɗin lamba, ta kasa faɗin suna, ga silifas ɗinta duk ƙasa, ga ƙullin abinci a hannu. Sai ya yanke hukunci a ransa. Ya sa hannu a aljihu ya zaro sadaka ya miƙa mata, ya ce ta yi haƙuri, ba a barin masu bara su shiga nan, ta gwada bakin masallacin titi.

Edita, ko yanzu da nake rubuta wannan sai da na tsaya na share ido. Matar da ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba ko a shekarar da muka rasa uba, ita aka ba sadaka a ƙofar gidan da na saya domin ta.

Ni duk ban san wainar da ake toyawa ba. Matata ta zaci barci Inna take yi, sai da ta kai mata abincin rana ta ga ɗaki wayam, waya a kan gado. Ta duba banɗaki, ta duba baya, sannan ta kira ni tana kuka. Yadda na iso gida daga kasuwa Allah kaɗai ya kiyaye. A ƙofa na tambayi maigadin ko ya ga wata tsohuwa ta fita, ya ce tun da ya karɓi aiki babu tsohuwar da ta fita, kuma gaskiyarsa ce. Muka shiga bi gida-gida muna danna ƙararrawa, wai ko ta ɓata ta shiga wani gidan tunda duk iri ɗaya ne. Aka yi sanarwa a lasifikar masallaci. A nan na ga abin da ban zata ba. Mutanen da ban taɓa haɗa ido da su ba suka fito, maza da mata. Maƙwabcina da ya yi ƙorafin daka shi ya fara zaro mota ya ce zai bi asibitocin kusa. Wani ya nufi wajen 'yan sanda, wata mata ta zauna da matata tana ba ta baki. Ni kuwa babu irin mugun tunanin da bai zo min ba, titin nan da manyan motoci ke gudu a kai, da kududdufan bayan gari, da mutanen banza. Bayan la'asar wani dattijo ya ce a duba tsohon ƙauyen nan na bayan katanga. Muna zuwa matan gidan sunan suka ce ai baƙuwarmu mai iya tuƙin tuwo, ta tafi tun bayan azahar, ta ce gida za ta.

Na dawo ƙofa da gudu. Wannan karon na tambayi maigadin ko wata tsohuwa ta zo za ta shiga. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ba ni labarin duk yadda suka yi, har da sadakar. Ban san sanda na ci kwalarsa ba, sai da mutane suka ɓamɓare ni. Ina ta faɗa ina cewa sai na ga bayansa. Shugaban masu gadin, wani dattijo mai sanyin magana, ya bari na sauke numfashi sannan ya ce, Alhaji, mun yi kuskure kuma muna ba da haƙuri, amma tun da kuka tare babu ɗaya daga cikinmu da ya san fuskarta. Motarka muka sani. Da ka taɓa tsayawa ka ce mana ga mahaifiyata, wallahi ko sabo ko tsoho babu mai tare ta. Sai na ji kamar an kwara min ruwan sanyi.

Dab da magariba wayata ta yi ƙara. Wani direban babbar mota ne ɗan garinmu, wanda yakan ɗauko min kaya wani lokaci. Ya ce in kwantar da hankalina, Inna tana tare da shi, lafiyarta ƙalau, sun iso Karaye. Ashe da ta bar ƙofa, adaidaita ta tara ta ce a kai ta kasuwa, da niyyar ta same ni a rumfa. Da ta sauka ta ga girman wurin, rumfuna da buhuna iya ganin ido, sai ta gane nan ma sai ta tambaya da suna. Ta samu inuwa kusa da inda motoci ke sauke kaya ta zauna. A nan ya hango ta, ya zo ya durƙusa ya gaishe ta yana mamaki. Ta tambaye shi ko gida za shi, ya ce eh, ya sauke kaya zai koma. Ta ce to da ita za shi. Ya ce bari ya kira ni, ta ce in ya kira ni za ta sauka. Haka ya riƙe maganar a cikinsa duk tsawon hanya, sai da ta sauka yin alwala a Karaye ya zagaya bayan mota ya kira. Na zube a bakin titi ina kuka ina dariya a haɗe, maƙwabta na kewaye da ni ana ta hamdala.

Ana idar da sallar asuba na kama hanya. Na wuce Karaye ko majalisa ban kalla ba, na bi ta cikin gonakin rake har ƙauye. Tun daga zaure nake jiyo hayaniyar mata. Kawu ya ɓalle kwaɗon, an share ɗaki, an kunna wuta, har wasu daga cikin awakin an dawo da su suna ɗaure a turke. Inna na zaune a tsakiyar mata ana ta yi mata sannu da zuwa, tana ba su labarin ruwan zafi mai fitowa daga bango suna riƙe baki. Na durƙusa a gabanta. Ba ta dube ni ba, ta ce wa wata maƙwabciya a ba shi ruwa, ya sha hanya.

Sai da mutane suka ragu na samu bakin magana. Na ba ta haƙuri, na ce zan sa a kori maigadin, zan sa a yi mata katin shiga, zan yi kaza zan yi kaza. Ta ce kul na taɓa ɗan mutane, aikinsa yake yi, kuma wanda zai ciri sadaka daga ɗan abin da yake samu ya ba tsohuwar da bai sani ba, ai ba mugu ba ne. Har dariya ta yi. Sannan ta gyara zama ta ce, "Gidanka ya yi kyau, Allah ya sa masa albarka, ya sa ka mora kai da iyalinka. Amma duba nan. Daga bakin rafi har kasuwa babu mai tambayata gidan wa za ni. Gidan da sai na kira sunanka zan shiga, ai ba gidana ba ne."

Na miƙe na yi mata sallama. A ranar na bar ta a inda na same ta.

Gidan dai ban sayar ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, har gobe ina son sa. In na karyo kwana na hango layin benayen nan sai in ji sanyi a raina, da za a maimaita ma zan sake saye. Neman da muka yi wa Inna shi ya haɗa mu da maƙwabta, yanzu muna shiga gidajen juna, ana suna ana gaisuwa tare. Ita kuma na gyara mata ɗakinta a inda yake, yadda ta ce, ba yadda na so ba. Takan zo mana in ta ga dama. Zuwanta na farko na tsaya a ƙofa na fito da ita na gabatar da ita ga masu gadi, wancan maigadin ya zube ƙasa yana neman gafara, ta dafa kansa ta sa masa albarka. In ta zo, rabin yininta a tsohon ƙauyen nan take yi wurin ƙawayenta, in ta gaji da mu ta ce a mayar da ita.

Abin da na koya shi ne, murna ma takan toshe kunne kamar yadda fushi ke yi. Na yi ta zumuɗin saya wa Inna hutu, ashe hutun nata yana cikin ɗawainiyar da nake son raba ta da ita, da mutanen da suka san ta ba sai an ce 'yar gidan wane ce ba. Alherin da ba a yi shawara da mai shi ba yakan zame masa kurkuku, ko da kuwa da tayil aka shimfiɗe shi. Don haka ina kira ga 'yan'uwana da Allah ya buɗa wa, masu rububin sayen irin waɗannan gidaje na zamani: ku saya, ku tare, ku ji daɗinku, babu laifi a ciki. Amma kafin ku tumɓuke tsohonku daga inda ya yi saiwa, ku zauna a gabansa ku tambaye shi abin da yake so, ku kuma ba shi lokaci ya amsa, domin iyayenmu ba su iya ce wa ɗa a'a ba in sun ga yana murna. In kuwa kun kawo su, ku nuna su ga mutane, ku nuna musu mutane. Ni Allah ya rufa min asiri, a cikin kasuwar da ba a san adadin mutanenta ba ya jefo direban da ya san fuskar uwata. Ba kowa ne zai dace da irinsa ba.